Jiragen da Aka Ɓoye wa Sarki

An ce wani sarki ne aka yi a zamanin da, wanda ƙasarsa ke kwance a gefen wani babban kogi, rabin talakawansa manoma, rabi masunta. A farkon sarautarsa aka yi wata shekara ta ambaliya, kogi ya tumbatsa, ya kwashe jirage da taruna, ya bar masunta zaune a gaɓa suna kallon kifi yana tsalle ba su da abin kama shi. Da labari ya isa fada, sai sarki ya sa aka yi shela: domin kowane masunci ya samu ya sassaƙa sabon jirgi, ko ya saƙa sabon taru, ko matarsa ta gina murhun banda, an ɗauke masa kuɗin su, wato harajin da masunta ke biya, har zuwa wani wa'adi da sarki ya yanka.

Kai, rangwamen nan ya yi albarka! A duk ƙauyukan bakin kogi ba inda ya fi karɓa kamar Tungar Bado. Abin da dā ake kai wa fada sai aka riƙa kai wa masassaƙa. Wanda ke aron jirgi ya yi nasa, mai ɗaya ya ƙara na biyu, har ta kai in jirage suka dawo da hantsi sai an yi ta faɗan wurin ɗauri. Ƙanshin bandar garin kuwa tun daga nesa yake yi wa fatake maraba.

Shugaban masuntan garin shi ne Sarkin Ruwa Barmo. Mutum ne mai fara'a, mai son jama'arsa, mai tumbi kamar tulu. Aibinsa guda ne: wayo ya yi masa yawa, har yakan zagayo ya cije shi.

Ana nan ana jin daɗi, sai ga manzo daga fada. Ya ce wa'adin rangwame zai cika da kakar bana, kuma sarki da kansa zai zo Tungar Bado ya gani da idonsa. Abin da ya gani a nan, da shi zai yanke wa duk masuntan kogi hukunci, ko a ƙara wa'adi, ko a mayar da kuɗin su.

Manzo na juya baya, Barmo ya gangara bakin kogi. Ya dubi jiragen nan jere a gaɓa suna ƙyalli, ya dubi mata da sababbin zannuwa, ya dubi tumbinsa, ya ce a ransa, "Shi ke nan, mun kaɗe." Nan take ya sa aka tara jama'a a gindin ɓauren bakin ruwa.

Ya ce, "Jama'a, ku saurare ni da kunnen basira. Me ya sa aka yi mana rangwame? Saboda an gan mu a tsiyace. To, in sarki ya zo ya tarar da mu kamar fatake, me zai ce? Cewa zai yi mun warke, a dawo da haraji, a ma ƙara. Saboda haka dabara ɗaya ce. Yadda ya bar mu, haka zai same mu."

Tabawa, uwar masu banda, mace mai baki, ta ce, "Wai Sarkin Ruwa, so kake mu koma tsumma? Ni fa nawa tuni na yi tsumman goge tukunya da shi."

Barmo ya ce, "Ki wanke shi ki ɗaura, Tabawa. Yini ɗaya ne."

Ta ce, "To, jiragen fa? A aljihunka za ka zuba su?"

Barmo ya yi murmushi irin na wanda ya riga kowa tunani. Ya ce, "A ruwa za mu ajiye su."

Abin bai zama baƙo ga kowa ba, don masunta sun saba nutsar da jirgi in za a daɗe ba a hau shi ba, kada rana ta tsaga itacen. A cika shi da ruwa, a ɗora masa duwatsu, ya kwanta a ƙasa lafiya lau har ranar da aka bukace shi. Jama'a suka ce wallahi Sarkin Ruwa ya iya shawara.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, wani tsoho mai fito ana ce masa Makau. Shi ke ƙetarar da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa a wani tsohon kwale-kwale da ya sha faci. Ba shi da komai a duniya sai jirgin nan da gwangwalar da yake tuƙi da ita, ba ya kuma neman ƙari. Amma in magana ta cije a garin, wurinsa ake zuwa. Barmo ya ce masa, "Baba, kai ba ka ce komai ba."

Makau ya ce, "Ɗan nan, ka tambayi sarki abin da yake so ya gani?"

Barmo ya ce, "Haba Baba, ana tambayar sarki? Ai an san abin da sarakuna ke so."

Makau ya ce, "To, madalla da ka sani. Ni dai ka san al'adarmu ta masu fito: ba ma tona asirin kowa, ba ma kuma yin ƙarya a kan ruwa. Kada ka sa ni tsakanin biyun."

Barmo ya ce ba komai, ai ba wanda zai tambayi mai fito.

Ranar da aka yi aikin nan, an sha dariya a Tungar Bado. Aka kora jirage zuwa wani lungun ruwa marar zurfi inda ganyen bado ya rufe, aka yi ta nutsar da su ana waƙa. Taruna aka cusa a rumbuna aka zuba ƙaiƙayi a kai. Murahun banda aka lulluɓe da tsofaffin zana. Aka tono tsummokara daga ƙarƙashin gadaje, kowa ya dubi ɗan'uwansa ya fashe da dariya. Wahalar duka a kan tumbin Barmo ta taru, don shi ba ya nutsuwa, ba ya kuma shiga rumbu. Sai da ƙarti biyu suka ja masa ɗamara, yana nishi yana cewa, "Ku ƙara, saboda jama'a nake yi."

Ranar zuwan sarki, Barmo ya ƙetara a jirgin Makau ya tarye shi. Da yake babu wani jirgi a fili sai wannan, sarki ya bar rundunarsa a can gaɓa, ya shigo shi da wazirinsa kaɗai. Makau bai durƙusa ba, don mai fito ba ya durƙusawa a cikin jirgi, kada ya kife da mutane. Ya ce, "Ya sarki, zauna ƙasa sosai, ka riƙe gefe, kada ka motsa sai na ce." Waziri ya zare ido, amma sarki ya yi dariya ya ce, "Yau na sami mai ba ni umarni," ya zauna yadda aka ce.

Fuskar sarki cike take da annuri sa'ad da suka taso. Suna kusantar gari yana ta miƙa wuya yana duban gaɓa, kamar mai neman wani nasa a kasuwa. Da suka sauka, ga jama'a cikin tsumma, kowa ya langaɓe kai. Tabawa ta fi kowa iyawa, har da tari. Barmo na gaba yana nuna wa sarki gari, yana cewa, "Allah ya ba ka nasara, ka dai gani. Muna nan yadda ka bar mu. Kullum sai godiyar Allah."

Sarki ya ce, "Ina jiragenku?"

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai guda ne, shi ne wanda ka shigo."

"Tarunan fa?"

"Sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Sarki ya zaga ko'ina bai ƙara magana ba. Annurin nan ya dushe. Aka kawo masa ruwa a tsohuwar ƙwarya, ya kurɓa, ya ce a mayar da shi ƙetare. Barmo kuwa daɗi kamar ya taka rawa. A ransa cewa yake, "Tausayi ya kama shi. Dubi yadda ya yi shiru. Barmo, Allah ya yi maka kai!"

Suka koma jirgi su huɗu, Makau ya dafa gwangwala. Sai da suka yi nisa da gaɓa, sannan sarki ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Waziri, ka ci gardama."

Waziri ya ce, "Ya sarki, wallahi ban so na ci ba."

Sarki ya juyo ga Barmo ya ce, "Sarkin Ruwa, bari ka ji. Ranar da na ɗauke muku kuɗin su, waziri ya ce mini rangwame ciki yake shiga, ba ya zama jirgi. Ni na ce zai zama. Na taho yau da niyyar in na ga gaɓarku cike da jirage, in ƙara wa duk masuntan kogin nan wa'adi, don na san shukata ta tsiro. Ga shi na zo, ban ga ko ɗaya ba. Abin da bai yi amfani ba kuwa, ci gaba da shi zalunci ne ga manoma, waɗanda ke biyan nasu ba fashi. Da kakar bana kuɗin su ya dawo."

Innalillahi! Barmo ya ji kamar an buga masa tabarya a ƙeya. Ɗamarar nan ta ƙara matse shi.  In ya yi shiru, ya jawo wa duk masuntan kogi haraji da hannunsa, har da ƙauyukan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. In ya yi magana, ya shaida da bakinsa cewa ya yaudari sarki ido da ido, wanda kuwa ya yi haka, in ya rasa rawani kaɗai ya yi sa'a. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya dubi Makau da idon roƙo.

Makau bai dube shi ba. Ya dai karkata kan jirgi a hankali zuwa lungun nan mai ganyen bado, ya ce, "Ya sarki, hanya da ɗan nisa. Ka yarda tsoho ya yi maka tambaya don rage ta?"

Sarki ya ce, "Yi, ko zuciyata ta yi sanyi."

Makau ya ce, "Akwai mutumin da ke zuwa bakin ruwa kullum yana watsa wa kifi dusa, ba ya nufin su da komai sai alheri. Amma duk ranar da inuwarsa ta faɗa a kan ruwa, sai kifin su watse. Me ya sa?"

Sarki ya ce, "Domin kifi ba ya bambance inuwar mai dusa da inuwar mai mashi."

"To, laifin wa ke nan, na kifi ko na mai dusa?"

Sarki ya yi ɗan tunani ya ce, "Ba na kifi ba ne, don mashi ya fara sani. Ba kuma na mai dusa ba ne, sai fa in ya yi fushi ya daina zuwa. In ya daina, ya tabbatar wa kifi zatonsa."

Makau ya ce, "Ka amsa da kyau, ya sarki. Ga ta biyu. Mene ne abin da kai ka haife shi, yana raye, yana kusa da kai fiye da fadarka, amma an binne shi don kada ka gan shi?"

Waziri ya ce, "Ko asiri ne?"

Makau ya ce, "Asiri ba sarki ya haife shi ba."

Sarki ya ce, "Ko alherin da na yi aka manta?"

Makau ya ce, "Ka kusa, amma ba a manta ba."

Sarki ya juya maganar ya sake juyawa, ya ce, "Tsoho, na ba ka gari. Faɗa mini."

Makau ya ce, "Ya sarki, amsar ba tawa ba ce, ba ni da ikon bayar da ita." Sai ya caka gwangwala a ruwa, aka ji ƙwal, ƙarar itace a kan itace. Jirgi ya tsaya cik. Ya ce, "Af, gwangwalata ta ci karo da wani abu. Sarkin Ruwa, kai ka fi kowa sanin ruwan nan. Gaya wa sarki mene ne a ƙasa."

 Barmo ya san yana iya cewa kututture ne, ya kuma san tsohon ba zai ƙaryata shi ba, ba zai kuma gaskata shi ba. Ya waiwaya ya hango jama'arsa tsaye a gaɓa cikin tsummokaran da shi ya sa su ɗaura, suna ɗaga hannu suna murna, su a zatonsu an yi nasara. Kunya da tausayi suka rufe shi. Ya cire rawaninsa ya ajiye a gaban sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan naka ne, ka ba wanda ka ga dama. Ni dai ka ba ni izini in nuna maka."

Bai jira izinin ba ma, ya faɗa ruwa tsundum, har jirgi ya yi tangal-tangal, waziri ya riƙe gefe yana salati. Ruwan iyakarsa ƙirji. Barmo ya nutsa ya ture duwatsu, ya sa kafaɗa ya yunƙura. Ɗamarar nan ta tsinke fat, tumbi ya koma mazauninsa. Sai ga goshin wani sabon jirgin maɗaci ya ɓullo daga cikin ganyen bado, santalele, ruwa na zuba daga jikinsa.

Sarki ya miƙe zumbur. Makau ya ce, "Zauna, ya sarki!" Sarki ya koma ya zauna, baki buɗe.

Barmo ya ce, yana haki, "Ranka ya daɗe, wannan ɗaya ne. Duk inda ka ga ganye a lungun nan, jirgi ne a ƙarƙashinsa. Taruna suna rumbu, murahu suna ƙarƙashin zana, tarin Tabawa ma na ƙarya ne. Ni na shirya duka, jama'a bin umarnina suka yi. In hukunci ne, a kaina ya tsaya."

Sarki ya ce, "Me ya kai ka? Na ba ku don ku yi jirage, kun yi, sannan ku ɓoye mini?"

Barmo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ya sarki, ina yaro, a zamanin da ya wuce, masu karɓar haraji jirage suke bi. Mai jirgi biyu ya biya ninki, ko ya kama kifi ko bai kama ba. Da idona na ga mahaifina ya ɗauki gatari ya faskara jirginsa na biyu, wanda ya yi rani guda yana sassaƙa, uwata ta dafa tuwo da shi tana kuka. Tun daga ranar, in na ji an ce daga fada za a zo dubawa, abin da jikina ke gaya mini ke nan: ɓoye."

 Sarki ya dubi jirgin da ya ɓullo, ya dubi tsoho, idonsa ya ciko. Ya ce, "Makau, ashe inuwata kake nufi."

Makau ya ce, "Kai ka faɗa, ya sarki. Ni tuƙi nake yi."

Sarki ya ce, "Na aiko musu da alheri, ban taɓa zuwa na gaya musu abin da ke zuciyata ba. Na zo kamar mai bincike, na ɓoye niyyata don in gwada su, su kuma suka ɓoye jiragensu. To, wa ya fara ɓuya? Waziri, yanzu wa ya ci gardama?"

Waziri ya yi dariya har rawaninsa na girgiza, ya ce, "Ya sarki, ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin ta yau ba."

Sarki ya ɗauki rawanin Barmo ya miƙa masa a cikin ruwa. Ya ce, "Karɓi abinka. Wanda ya yi mini ƙarya don jama'arsa, sannan ya ba da wuyansa dominsu, ba shi zan tuɓe ba. Amma horo sai an yi. Ba za ka fito daga ruwan nan ba sai na ga jirgi na ƙarshe yana yawo."

Barmo ya naɗa jiƙaƙƙen rawani a ka, ya juya ga gaɓa ya kwarara ihu, "Jama'a, ku shigo! Asiri ya tonu, kuma alheri ne!"

Wayyo, zo ka ga gudu! Maza suka yi ta faɗowa ruwa, ana ture duwatsu, ana ɗaga goshin jirgi ana jijjiga shi gaba da baya har ruwan ciki ya fantsame, mata na kwashe saura da ƙore. Jirgi ya taso nan, wani ya taso can, har lungun ya cika ya batse. Tabawa ta ruga gida ta sako sabon zane, ta yaye zana daga murhu, ta aiko wa sarki da giwan ruwa banda guda, ta ce a gaya masa ta warke. Makaɗa suka fito da ganguna daga inda aka ɓoye su, guɗa ta kaure. Rundunar sarki da ke can gaɓa suka zaci yaƙi ne, sai ga jirage sun zo ɗaukarsu zuwa walima.

A tsakiyar jiragen nan, yana zaune a ƙasan kwale-kwalen Makau, sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Ku ji da kunnenku, ba ta bakin manzo ba. Rangwame ya ci gaba ga duk masuntan kogin nan, har sai jaririn da aka haifa bana ya iya tuƙa jirgi shi kaɗai. Wanda ya ƙara jirgi, a ƙara masa sassauci. Ranar da kuɗin su zai dawo kuwa, tare da ku za a zauna a yanka shi, a kan abin da ruwa ya bayar, kada a sake bin jirgi." Ya juya ga Makau ya ce, "Kai kuma tsoho, roƙi abin da kake so."

Makau ya ce, "Ya sarki, ka riƙa zuwa. In suka saba ganinka, za su daina gudu."

Barmo na tsaye cikin ruwa har ƙirji, yana rawar sanyi, yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Tunda yake bai taɓa nuna wa mai mulki duk abin da ya mallaka ba sai yau, kuma ga shi ba a karɓe ko igiya ba. Sarki ya dube shi, ya dubi waziri, ya ce, "Yau na koyi abin da ban koya a fada ba. Ba a auna adalcin sarki da yawan abin da aka kawo masa, ana auna shi da abin da talakawa ba su ji tsoron nuna masa ba."